Musayar Goyon Inna Dije

Idan ka sauka a Yako ka tambayi gidan Mudi manomin barkono, sai an tsaya ana kallon juna ana sosa ƙeya. Amma ka ce gidan Inna Dije, kafin ka rufe baki mutum uku sun nuna maka ƙofar. Mudi bai taɓa jin haushin haka ba. Ya ce tun ranar da aka kawo masa ita ya gane shi ɗan rakiya ne a gidan, kuma ya karɓi muƙamin hannu bibbiyu.

Dije mace ce mai jiki, mai murya, mai dariyar da ke tarwatsa kajin maƙwabta. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida kowace safiya, kuma ƙosan nata, a faɗi gaskiya, ba wani abin a zo a gani ba ne. Hira ake zuwa saye, a haɗa wa mutum da ƙosai. Idonta na hagu fari ne fat da hakiya. Ƙyanda ce ta yi mata wannan tsiyar tun tana ƙarama, a shekarar da ta shiga gidansu ta ɗauke mata ƙanne biyu a jere. Ba ta ɓoye idon. Har kwalli take zizara masa, wai kada ya ga ana nuna masa bambanci. Komai na duniya Dije tana iya mayar da shi abin dariya, ban da ƙyanda. Wannan kam ta tsane ta har zuciya, kuma ko a gaban wa sai ta faɗa.

Abin da ya ɗaga sunanta a ƙasar Kiru ya samo asali ne daga kunyar ɗan fari. Kowa ya san ta. Uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka a gaban surukai sai ta kau da kai kamar kukan daga maƙwabta yake fitowa. A wasu gidajen abin ya yi sauƙi yanzu, a wasu kuwa yana nan daram. Al'ada ce mai kyau, ba wanda ya ce a'a, sai dai ƙyanda ba ta san da ita ba.

Lokacin da Dije ke goyon ɗanta na fari, Mu'azu, wanda har yau da gemunsa ba ta kiransa sai "wancan mutumin", mai shela ya zagaya ya ce masu allurar rigakafi za su zauna a gindin tsamiyar ƙofar gidan mai unguwa. Dije ta rasa inda za ta sa kanta. Uwar mijinta ta tafi biki Bebeji, gindin tsamiyar nan kuwa nan ne majalisar uban mijinta. Ta ina za ta goyo yaro ta ratsa ta gabansa? Ta leƙa ta kan katanga don ta kai kuka wurin maƙwabciyarta Halima, sai ta tarar da Halima ma ta zabga tagumi, 'yarta ta fari tana birgima a tabarma.

"Ni wallahi da naki ne," in ji Halima, "da tuni na saɓa shi na yi gaba."

"Ni ma da taki ce, ai har rawa zan yi a hanya."

Suka kalli juna. Sai Dije ta fashe da dariyar nan tata, ta koma ɗaki da gudu, ta dawo ta miƙa Mu'azu ta kan katanga, Halima ta miƙo tata. Haka suka ratsa majalisar dattawa, kowacce da goyon 'yar'uwarta, suna gaisuwa da fara'a, ba mai abin cewa. Wa zai hana mace taimakon maƙwabciya? A ranar Dije ta yi wa 'yar Halima duk wasan da ta daɗe tana son yi wa nata, tana yi tana satar kallonsa da idon nan guda ɗaya.

Tun daga nan abin ya zama sana'a marar riba. Duk amaryar da ta haihu a Yako da kewaye, sai ka ga ta zo sayen ƙosai da azahar, lokacin da kowa ya san an daɗe da sauke kasko. Dije ta kalle ta ta ce, "Na ji. Ranar allura ki fito da wuri, na samo miki abokiyar musaya." Ita ke haɗa su biyu-biyu, ita ke faɗa wa ma'aikaci sunayen yaran tunda iyayen ba za su faɗa ba, ita ke rarrashi. Abu ɗaya ne ba ta iya yi, kallon allura tana shiga jikin yaro. Da an ɗaga sirinji sai ta sa tafin hannu ta rufe idon mai gani, ta bar musu mai hakiyar ya yi shaida.

Maza sukan tsaya a bakin kasko su yi mata gardama. Wani ya ce, yaro lafiyarsa ƙalau, a kan me za a soke shi? Dije ta ɗaga matsami ta nuna shi.

"Kai, in an kama ɓarawo a garin nan, me ake yi? Ba ɗaure shi ake yi a zagaya da shi kowa ya ga fuskarsa ba? To haka allurar take. Cutar ce aka kamo aka lallasa ta, ba ta da sauran ƙarfi, aka zagaya da ita cikin jikin yaro. Jiki ya ƙare mata kallo, ya tanadi sandunansa. Ranar da 'yar'uwarta mai ƙarfi ta hauro katanga, tun kafin ta dira an rufe ta da duka."

"To zazzaɓin da suke yi fa?"

"In an zagayo da ɓarawo gari yakan yi shiru ne? Ai dole a yi hayaniya."

Ba ta yi wa kowa ƙarya a kan wannan. Takan ce wa uwa, "Zai yi kuka, cinyar za ta iya kumbura, jikinsa zai yi zafi, ke kuma za ki zage ni a zuci, na yafe tun yanzu. In zafin ya wuce misali, ko ya ƙi sauka, a koma asibiti, ban da zaman jira. Kuma ba magani ba ce. Yaron da cuta ta riga ta kama, allurar nan ba ta tashinsa. Sannan zuwa ɗaya ba ya isa, sai an yi ta komowa." Duk da haka takan sha tsiya. Akwai wani Abdullahi da ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarta, don allurar da ake yi wa jariri da an haife shi ta yi wa ɗansa ɗan ƙurji a dantse. Ƙurjin ya warke ya bar lamba irin wadda shi ma Abdullahin yake da ita a nasa dantsen, bai taɓa tambayar inda ya samo ta ba. In irin waɗannan mazan suka yi sallama da fushi, Mudi ne ke fita. Ya shimfiɗa musu tabarma, ya saurare su har su gaji, ya ce, "Gaskiyarku ne. Ni ma haka nake fama."

A zafin bara ne Zubaida ta shigo cikin lamarin. 'Yar Fulani ce siririya daga wata ruga da ke wajen Ba'awa, takan kawo nono Yako. Mijinta Idris, uban mijinta kuwa Baffa Ɗahiru, dattijon da ko tari ya yi sai rugar ta nutsu. A gidansa kunya ba ta ragu da ko ƙwayar gero ba. Zubaida tana shayar da ɗanta a cikin bukka, amma da zarar an fito waje, matar wan mijinta ce ke goya shi. Sunan yaron na yanka Adamu, 'yan ruga suna ce masa Hamma, yadda suke kiran babban ɗa.

Ranar nan ta sauke ƙwaryarta a gaban Dije, ta auna nono, ta ƙi tashi. Ta gyara faifai, ta sake gyarawa.

"Inna," ta ce, idonta a ƙasa, "akwai wani yaro a gidanmu. An ce ya cika wata tara."

"Ikon Allah! Ɗan wa?"

"Na mutanen gidan ne."

"Mutanen gidan ba su da suna? Ko daga sama ya faɗo, kuka tsince shi a cikin maruƙa?"

Zubaida ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Amma da ta ɗago, Dije ta ga ba dariya kaɗai ke idonta ba. A hankali maganar ta fito. Allurorin baya an yi wa yaron, lokacin da ma'aikata suka shiga ruga, matar wan mijin ce ta riƙe shi. Yanzu ita tana jego, ba ta fita. Saura ta wata tara, ta ƙyanda. Ciyawa ta ƙare, Baffa ya ce jibi za a tashi da shanu a nufi wajen Doguwa, kuma masu dawowa daga can suna cewa ƙyanda ta ɓulla a wasu rugage. Ta yi wa Idris maganar a kaikaice, shi ma da tasa kunyar, ya kalli sama ya ce su yi yadda suka gani.

Da jin sunan ƙyanda Dije ta daina wasa. "Gobe ranar allura ce a Dangora," ta ce. "In yaron nan ya bar ƙasar nan ba a yi masa ba, a canza mini suna."

Washegari da sassafe ta hau acaɓa har bayan rugar, ta karɓi Hamma ta bayan bukka kamar mai sayen kayan sata. Zubaida ta biyo su a ƙafa da ƙwaryarta a ka, wai tallan nono za ta. A tashar Yako abokiyar musaya tana jira, Khairiyya matar Shitu tela, yarinya mai surutu da rawar kai, da 'yarta ta fari, ita ma wata tara. Aka ɗaura wa Khairiyya Hamma, aka ɗaura wa Zubaida 'yar Khairiyya, sauran matan ma kowacce ta karɓi rabonta, aka cika ƙaramar bas maƙil.

Wanda bai taɓa shiga motar Dije ranar allura ba bai san nishaɗi ba. Kowace mace tana cilla ɗan wata sama tana yi masa kirari, uwar ɗan kuwa ta juya fuska waje tana kallon gonaki, kunnenta a miƙe, bakinta yana motsi. Rana ɗaya ke nan da za ta ji ana yabon ɗanta a gabanta har ta ƙoshi. Saƙo kuma yana ta yawo a fakaice.

"Khairiyya," in ji Zubaida, tana kallon taga, "wannan da kike riƙe da shi, na ji an ce ba ya son a kwantar da shi ta hagu."

"To. Ke ma waccan ta hannunki, an ce in ta fara murza ido a jijjiga ta."

"Wa ya ce?" in ji Dije daga gaba. "Ku faɗa mini mai cewar nan, in je in gaishe shi!"

Motar ta kaure da shewa, har direba ya kusa taka akuya.

Asibitin sha-ka-tafin yana gefen gari, ranar kuma ta dace da kasuwa, mata sun cika rumfa har waje. Mai allurar, Malam Balarabe, mutum ne mai haƙuri da ya saba da ayarin Dije. Yakan ce in ya hango ta, sai ya ƙara kujera ya rage magana. Ita allurar ƙyanda gari ce a 'yar kwalba, sai an zo yi ake haɗa ta da ruwanta. Kwalba ɗaya ta yara da yawa ce, tana zaune cikin akwatin sanyi, kuma da an haɗa ta kwananta ya ƙare. In ta wuce sa'o'inta ba a yi amfani da ita ba, zubarwa ake yi. Tun da hantsi ya haɗa kwalbarsa ta ƙarshe, ya faɗa wa Dije cewa yaranta duk za su samu, amma wata sai mako mai zuwa.

Layi ya ja har bayan azahar. Aka zo kan 'yar Khairiyya, tana kan cinyar Zubaida. Dije ta faɗi suna, ta rufe ido. Allura ta shiga, yarinya ta tsala ihu.

Khairiyya tana tsaye a bakin ƙofa. Kukan ya sauka mata har cikin ciki. Ta yi taku ɗaya za ta nufi 'yarta, sai ta hango wata 'yar'uwar uwar mijinta zaune a kan benci tana kallonta. Ga hawaye ya cika mata ido, ga ba halin a gani. Sai ta toshe kunnuwa ta juya ta fice, ta miƙe hanyar kasuwa tana sauri don ta yi nisa da kukan. A ranta an gama abin da aka zo yi. Hamma kuwa yana bayanta yana sharar barci, ba wanda ya taɓa shi.

Dije ba ta lura ba, tana can tana yi wa wasu tagwaye rawa. Zubaida ta lura. Tana gani aka fita da ɗanta, ta buɗe baki, ta rufe. Me za ta ce a gaban wannan taro? Ta ce ɗana? Ta zauna tana jijjiga 'yar mutane, tana kallon ƙofa.

"Adamu Idris!" in ji Malam Balarabe.

Shiru.

"Adamu Idris, daga Ba'awa!"

Dije ta waiga dama, ta waiga hagu, ta juya gaba ɗaya saboda idon. Ba Khairiyya. Ta dubi Zubaida, ta ga hawaye yana ɗiga a kan 'yar da ke cinyarta.

"Ke! Ina suke?"

"Sun fita, Inna."

"Tun yaushe?"

"Da ɗan jimawa."

"Kina gani? Kina gani kika yi shiru? Wayyo ni Dije, kunya za ta kashe ni ba da cuta ba!"

Wata ta ce a kira wayar Khairiyya. Aka kira, wayar ta amsa da kiɗa daga cikin jakar da ta bari a kan benci. Malam Balarabe ya ɗaga kwalbar ya duba, saura na mutum ɗaya.

"Inna, zan ajiye masa. Amma da an kira la'asar lokacinta ya cika, ko ɗana ne ba zan yi masa da ita ba."

Dije ta fizgi 'yar Khairiyya ta jefa a baya, ta ɗaure da majanyi, ta kama hannun Zubaida. Mutanen da suka ga gudun nan har yau suna ba da labarinsa. Mace mai wannan jiki, ɗankwali a hannu, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi a hanya, tana tafe tana kiran Khairiyya kamar mai kiran ɓataccen ɗan akuya. Suka kutsa layin 'yan atamfa, babu. Layin 'yan tasa, babu. Wajen masu daddawa Dije ta cafko wata mata ta baya ta leƙa goyonta, matar ta juyo za ta yi masifa, ta ga idon Dije, ta fasa. Ko'ina ka duba mace ce da goyo, kuma duk goyo daga baya kamarsu ɗaya.

Can ta hango mai maganin basir a kan motarsa, yana ta zuba bayani a lasifika. Ba sallama ba komai ta karɓe abin maganar daga hannunsa, tana haki.

"Jama'a, salamu alaikum! Ke mai goyo! Ki tsaya inda kike! Ɗan da ke bayanki ba naki ba ne!"

To, nan fa kasuwa ta hargitse. Ta manta ba ta kama suna ba. Duk macen da ke da goyo a Dangora ta ƙwalla salati ta hau kwance majanyi tana leƙen bayanta. Wata ta juyo da nata gaba ta ƙare masa kallo, ta ce, "Wannan dai nawa ne, ga kunnen ubansa nan." Wani mai rake ya ɗauki sanda yana tambayar ina ɓarauniyar yaran take. Mai maganin yana jan wayar lasifikarsa, Dije tana ja.

"Khairiyya nake nufi! Khairiyya ta Yako, matar Shitu tela! Sauran ku mayar da naku, Allah ya raya!"

Ta juyo za ta ce wa Zubaida su yi gabas, ba Zubaida. Ta hango ta can tana keta mutane kamar an harba ta. Daga nesa, cikin wannan turmutsitsi, ta gano wata 'yar ƙafa tana lilo a ƙarƙashin mayafi a rumfar masu awara, ƙafar da duk duniya ta shaida ba ta taɓa tsayawa ta kalla ba. Khairiyya na zaune ta cika baki da awara tana huce baƙin ciki, ba ta ma ji shelar ba. Zubaida ta iso kanta. Ta kwance majanyin, ta ɗauke ɗanta, ta juya tana neman wanda za ta miƙa wa. Dije tana da nisa, kuma da goyo a bayanta. Khairiyya ta daskare da awara a hannu. A masallacin kasuwa kuwa an fara gwada lasifika, ladan yana hura ta yana gyaran murya.

Zubaida ta sunkuya, ta ɗora Hamma a bayanta, ta ɗaure.

Hanya mafi kusa zuwa asibitin ta cikin kara ta bi, inda ake cinikin shanu. Dije ta san haka, ta kuma san abin da Zubaida ta sani, cewa Baffa Ɗahiru yana can tun safe da mazan rugar, sun kawo bijimi za su sayar saboda guzurin tafiya. Ta ɗaga murya za ta ce a zagaya, sai ta tuna ladan, ta haɗiye maganar. Zubaida ta shiga kara da gudu, mayafi ya zame, goyonta a fili, Hamma ya farka yana ƙyalƙyala dariya don shi a ganinsa sukuwa ake yi.

Dije tana biye tana ɗingishi, ta ga lokacin da dattijon ya ɗago kai. Ya ga surukarsa. Ya ga abin da ke bayanta. Sai ya juya a natse ya kama leɓen bijimin nan ya buɗe, ya duƙufa yana duban haƙoransa, bijimin da aka haifa a hannunsa. Idris ya tsuguna yana binciken kofato. Sauran mazan kowa ya samu abin dubawa, wani wutsiya, wani gajimare. Dillali ya rasa gane abin da ya samu masu kaya.

Ladan yana ɗaga murya Zubaida tana faɗawa cikin rumfar asibiti. Malam Balarabe ya dubi agogo, ya dubi kwalba, ya jawo sirinji.

"Wa zai riƙe shi?"

Zubaida ta zauna a kujerar, ta kwanto shi ta ɗora a cinya, ta rungume. Dije ta iso daidai lokacin, numfashi kamar zai fita, kuma ranar ce kaɗai aka ga ta manta ba ta rufe ido ba. Hamma ya yi ihunsa, uwarsa ta kifa fuska a kansa. Malam Balarabe ya yi masa sauran na wata tara, ya ce zazzaɓin ta ƙyanda ba lalle ya zo yau ba, yakan ɗauki kamar mako, wani lokaci da 'yan ƙuraje kaɗan, kada a tsorata. Ya ce kuma in ya shekara da wata uku a nemi asibiti duk inda ake, a yi masa ta biyu.

A motar komawa an sha dariya har da riƙe ciki, Khairiyya tana kuka tana dariya tana rantsuwar ita ba ta ƙara cin awara. Zubaida ce kaɗai ba ta shiga dariyar ba. Dije ma dariyar tata ba ta yi nisa ba. Yaro dai ya samu allura, amma a wane farashi? Ta san irin gidan. Za a iya yi wa yarinyar nan gorin rashin kunya har ta tsufa, kuma dabararta ce ta jawo. Abin ya dame ta ƙwarai, har Mudi ya tambaya ko ba ta da lafiya, don ya ji gidan shiru.

Da safe tana cikin suya ta jiyo kukan shanu daga burtalin da ya bi ta bayan gari. Ta ƙunsa ƙosai mai zafi, ta bar wa Mudi kasko, ta nufi can. Ayarin ya taho, jakuna da kaya, ƙore a ɗaure, maruƙa suna tsalle. Baffa Ɗahiru yana kan gaba, sanda a kafaɗa, malafa a ka, ya miƙe wuya sak.

"Baffa, an tashi lafiya? Allah ya kai ku lafiya."

"Amin, Dije. Mun gode." Ko ƙyafta ido bai yi wajenta ba.

Fushi ke nan. Amma sai ta ga Idris ma haka, ya amsa gaisuwa yana kallon gaba. Na bayansa ma haka. Mata da ƙore a ka, kowacce wuya a sandare. Wani maraƙi ya ɓalle ya yi baya, mai kula da shi ya tsaya cak yana kiransa da baki, ya ƙi juyawa, har maraƙin ya gaji ya dawo don kansa. Dije ta bi dattijon da sauri ta sha gabansa.

"Baffa, lafiya kuwa? Me ya samu wuyan mutanenka?"

"Nawa ne ya ƙage," ya ce, fuskarsa ba alamar wasa. "Na kwana a kansa. Da gari ya waye na ce musu, tunda ni ba na iya waiwaye, ban ga dalilin da wani zai fi ni ba. Har mu sauka Doguwa, kowa ya dubi gabansa."

"Kai! Wannan ciwo ko Malam Balarabe ba shi da allurarsa."

"Babu," in ji Baffa Ɗahiru. Gefen gemunsa ya ɗan motsa, ya wuce.

Dije ta koma gefen burtali ta tsaya, shanu suna wucewa. Sai can a ƙarshen ayari, bayan jaki na ƙarshe, da 'yar tazara, ta hango Zubaida ita kaɗai. Ba ƙwarya a kanta. Hamma ne a bayanta, da hularsa ja. Tana tafe tana ɗan tsalle da shi, ta kai hannu baya ta kama ƙafarsa, tana yi masa wata magana da Fulatanci, shi kuma yana dukan kafaɗarta. Ba ta ga Dije ba tukuna.

Dariya ta taso wa Dije, kuka ya riga ta. Ta yi maza ta juya ta ba hanya baya, ta fuskanci gonar wani, ta miƙa ƙunshin ƙosan ta bayanta. Takun ya matso, ya tsaya. Ta ji an karɓi ƙunshin a hankali.

"In jikin wani ya yi zafi a hanya," in ji Dije, tana yi wa kututturen dawa magana, "a shafa masa ruwa, a yi ta ba shi nono."

"Za a yi, Inna. Ni zan yi."

Wasu 'yan yatsu suka cafki ɗankwalinta suka ja, aka ɓanɓare su da ƙyar. Dije ba ta juyo ba sai da ta daina jin takun shanu.